Wake a Bakin Taga: Kundin Aikin Shuka na Ajin Share Fage

Laraba, 17 ga Afrilu, 2024

Yau muka fara aikin shukar wake da 'yan ajin share fagen firamare, masu shekara huɗu zuwa shida. Abin da nake so shi ne a samu abu ɗaya mai rai a cikin aji wanda zai riƙa canzawa a idonsu kowace safiya, mu rataya ƙidaya da haruffa da zane da hira a jikinsa. Darasin da ya zo a hoton kwali, da an naɗe kwalin ya tafi. Zan riƙa rubuta yadda aikin ke tafiya saboda iyaye, da kuma malamar da za ta karɓi ajin baɗi.

Kayan aikin ba su da yawa: gorunan ruwa na roba da aka sha aka ajiye, mun yanke su biyu mun naɗe bakin da salatif don kada su yanki hannu, sai auduga, sai wake. Wanda zai gwada wannan ya kula da abu biyu. Irin da ake sayarwa don shuka a gona sau da yawa an cuɗa shi da maganin ƙwari ko na funfuna, shi ya sa ake ganinsa da wani launi ja ko kore a jiki. Wannan ba ya shiga aji, domin yaron wannan shekarun duk abin da ya taɓa sai ya kai baki. Na biyu, wake yana shiga hanci da kunne, kuma idan ya samu danshi kumbura yake yi a ciki. Don haka a ƙidaye ake raba shi, a ƙidaye ake karɓa.

Mun zuba rabin waken a kwano da ruwa, rabi mun bar shi a bushe. Na tambaye su me zai faru kafin gobe. Wasu suka ce zai narke, wasu suka ce zai yi iyo, wani yaro da ba ya yawan magana ya ce, "Malama, babu abin da zai faru, ai ba shi da rai." Na rubuta kowace amsa a allo, ban ce wa kowa ya yi daidai ko ya yi kuskure ba.

Alhamis, 18 ga Afrilu

Waken da aka jiƙa ya kumbura, ya kusan ninka na busasshen, ɓawonsa ya yi laushi har yana saɓulewa da yatsa. Kowane yaro ya samu ƙwaya ɗaya ya ɓare, ya raba ta gida biyu. A nan ajin ya yi tsit, abin da ba kasafai ake samu ba. A gefe ɗaya na ɓarin akwai wani ɗan abu fari mai tsini, shi ne zai zama saiwa, a kansa kuma ƙananan ganye biyu a naɗe, sai an kawo gilashin ƙara girma ake ganin jijiyoyinsu. Na gaya musu ɓari biyun nan masu kauri guzuri ne, tsiron zai ci su har ya yi ganyen da zai riƙa haɗa wa kansa abinci da hasken rana. Yaron da ya ce wake ba shi da rai ya daɗe riƙe da gilashin. Da na zo karɓa ya ce, "Ashe yana ciki yana barci."

Kowa ya jera ƙwaya uku tsakanin jiƙaƙƙiyar auduga da jikin gorarsa, yadda za a riƙa hango su ta waje, ya manna sunansa. Ban da nasu, mun ware gora uku na aji gaba ɗaya: ɗaya babu ruwa ko ɗigo, ɗaya an nutsar da waken cikin ruwa har sama, ɗaya kuma an ba ta komai daidai amma an kulle ta a kabad inda babu haske. Wannan ta ukun mun yi alkawari ba mai buɗe ta sai ranar 29. Ni kaɗai zan riƙa zuba mata ruwa bayan an tashi.

Wannan dabara ba sabuwa ba ce. Friedrich Froebel, Bajamushen da ya buɗe makarantar ƙananan yara a garin Bad Blankenburg a 1837, wadda daga gare ta irin wannan aji ya yaɗu a duniya, yana ware wa kowane yaro ɗan fegi nasa na kansa, sannan a kewaye da fegin kowa akwai na tarayya da ake nomawa tare. Shi ya sa muka yi gorar "tawa" da gorar "tamu". Abin mamaki, gwamnatin Prussia, wata masarauta ta Jamusawa a lokacin, ta haramta irin waɗannan makarantu a 1851, ba a ɗage haramcin ba sai 1860, bayan mutuwarsa.

Litinin, 22 ga Afrilu

Tun kafin in ajiye jaka suka ja ni zuwa taga. Saiwa ta fito a mafi yawan goruna, fara fat, wasu har sun fara 'yan rassa. Ko ta ina ƙwayar ta fuskanta, saiwar ta lanƙwaso ta nufi ƙasa. Wata yarinya ta ce tata ta yi kuskure da farko sannan ta gyara. Na ɗauki wata kwalba mai murfi da muka shuka a ciki na kwantar da ita a gefenta, mu ga abin da saiwar za ta yi.

Ƙidaya muka fi daɗewa a kai yau. Kusan dukansu suna iya rera ɗaya zuwa ashirin, iyaye kuma suna jin daɗin wannan, amma rerawa daban, ƙidaya daban. Masu bincike Rochel Gelman da Randy Gallistel sun fayyace wannan tun 1978: sai yaro ya ba kowane abu lamba ɗaya tak, ya bi jerin lambobin ba tsallake, sannan ya gane cewa lambar ƙarshe da ya faɗa ita ce yawan abin duka. Wannan na ƙarshen shi ne ke ɗaukar lokaci. Yaro zai ƙirga wake biyar tsaf, ka ce masa "to nawa ne?", sai ya koma ya sake ƙirgawa daga ɗaya, domin a wurinsa tambayar umarni ce ta ya yi waƙar. Hanyar da nake bi in gane inda kowa ya tsaya mai sauƙi ce: in ce "ba ni huɗu." Wanda ya gane zai ƙirga huɗu ya tsaya. Wanda bai kai ba zai dumbuzo cikin hannu ya miƙo.

Na kuma gwada tsohuwar jarrabawar nan ta Jean Piaget, masanin ƙasar Suwizalan. Layi biyu na wake, shida-shida, daidai da juna, kowa ya yarda ɗaya suke. Na buɗa layi ɗaya ya yi tsawo, na sake tambaya. Ƙananan cikinsu suka ce mai tsawon ya fi yawa. Amma a 1974 James McGarrigle da Margaret Donaldson a Edinburgh sun nuna cewa idan wata 'yar tsana "mai ɓarna" ce ta zo ta hargitsa layin, ba babban mutum da gangan ba, yara sun fi ba da amsa daidai. Na ɗauko 'yar tsanar ajinmu na sa ta yi ɓarnar. Da yawa daga waɗanda suka ce mai tsawo ya fi sai suka ce, "Malama, ai har yanzu shida ne, ita ce ta watsa su." Wato wani lokaci ba lissafin ne ya kuɓuce wa yaro ba. Yana karanta fuskar babba ne: tunda Malama ta canza abu kuma ta sake tambaya, lallai wata amsa take nema.

Yau ce kuma Ranar Duniyarmu, ta tunatarwa kan kare muhalli, wadda aka fara a Amurka ranar 22 ga Afrilun 1970 bisa kiran Sanata Gaylord Nelson. Taken bana a kan sharar roba ne. Ba na ganin amfanin cika kunnen ɗan shekara biyar da labarin narkewar ƙanƙara da mutuwar kifaye, tsoro kawai za a ɗora masa na abin da ba shi da ikon gyarawa. Mun zaga harabar makaranta mun tsinci murafun goruna, mun wanke su, mun wanke hannu, mun rarraba su launi-launi, mun jera mun ga wanne ya fi yawa. Bikin ke nan, kuma ya ishe su.

Talata, 23 ga Afrilu

Ranar Littafi ta Duniya, wadda UNESCO ta tsayar a 1995. Maimakon in karanta musu na wani kawai, mun fara haɗa namu: kowane yaro yana da shafi, ya zana gorarsa yadda ya gan ta yau, ya faɗi jimla ɗaya in rubuta masa a ƙasa da kalmominsa, ba gyara. Dokar zanen ɗaya ce: abin da ka gani, ba abin da kake so ka gani ba. Duk da haka an samu furanni jajaye da rana mai murmushi a shafuka da dama. Ban hana ba. Na dai zauna kusa da mai furen na ce, "Nuna min furen a gorar." Ta duba, ta duba, ta ce, "Bai zo ba tukuna." Na ce to mu ajiye wannan shafin sai ya zo, ta zana wani.

Harafin makon nan W ne. Mun tafa gaɓoɓi: wa-ke, wa-ta, wa-sa, wa-ƙa. Mun rubuta shi a yashi cikin faranti, mun bi shi da yatsa a kan wanda na yanka da takarda mai kaushi, dabarar da Maria Montessori ta yi amfani da ita a gidan yaran da ta buɗe a Rum a 1907. Yatsa yakan riƙe siffar harafi kafin hannu ya iya sarrafa fensir.

Wata uwa ta tsaya da aka tashi, ranta a ɓace. "Malama, yaron nan fa har yanzu b da d juya su yake yi, jiya ma sunansa daga dama ya faro. Ko dai akwai matsala?" Na ce mata, "Hajiya, ki kwantar da hankalinki." Kafin yaro ya haɗu da rubutu, duk abin da ya sani a duniya ba ya canza suna don an juya shi: kofi ko hannunsa na dama ko na hagu, kofi ne. Harafi ne abu na farko da juyawa ke mayar da shi wani abu daban, kuma ƙwaƙwalwa sai ta koyi wannan a hankali. Yawancin yara suna bari wajen shekara bakwai. Idan ya wuce nan abin bai ragu ba, ko kuma ana fama da shi wajen rarrabe sautukan kalma, a nan ne ake neman a duba shi.

Tafin yau na wata yarinya ne da ta rubuta sunanta cikakke a karon farko ba tare da kallon katin ba. Harafi ɗaya ya kwanta, amma duk suna nan.

Laraba, 24 ga Afrilu

Gorar da aka nutsar ta fara ɗoyi, ruwan ya yi kauri, waken ya ruɓe. Wadda babu ruwa tana nan yadda aka ajiye ta. Sun yarda iri yana son ruwa, amma da ƙyar suka yarda ruwa na iya yi masa yawa, sai da na ce su tuna abin da ke faruwa idan mutum ya daɗe da kai cikin ruwa. Iri ma yana numfashi.

Saiwar kwalbar da na kwantar ta karya kwana ta sake nufar ƙasa.

Gora biyu na yara ba su tsiro ba, funfuna ta rufe su. Ɗaya daga masu su ta yi kuka sosai. Mataimakiyata ta ce a sirrance mu musanya mata da wata kafin gobe, na ce a'a. Mun zauna da ita mun ciro ƙwayoyin da cokali, ta zana su da gashin funfunar, muka wanke gorar, ta sake shuka sabo. Shafinta ne kaɗai a littafin da ke nuna abin da ke samun irin da bai yi ba, kuma sauran sun yi ta zuwa kallo.

Ana cikin haka wani ya yi famfara, haƙorinsa na gaba ya faɗo a hannunsa. Aka bar wake aka koma kansa. Mun naɗe masa a takarda ya kai gida, muka yi masa tafi, muka ƙirga haƙora a madubi. Na yarinta ashirin ne, kuma wajen shekara shida suke fara zuba. Rabin ajin sun wuni suna girgiza nasu.

Alhamis, 25 ga Afrilu

Kara ya fito a yawancin goruna, a lanƙwashe kamar ƙugiya, yana jawo ɓari biyun nan sama. A wasu har ya miƙe, ɓawon ya zame, ganyen farko sun fara buɗewa. Mun fara awo. Ba ruwanmu da santimita tukuna: kowa yana yanka siririyar takarda daidai tsayin tsironsa ya manna a shafinsa, gobe ya manna wata kusa da ita. Almakashi kansa darasi ne, har yanzu akwai masu riƙe shi da hannu biyu.

Sai dai awo ya zo da abin da na san zai zo. Kafin a yi nisa ajin ya zama filin gasa. "Nawa ya fi naka." "Malama, nawa ne na ɗaya ko?" Wani har ya ɗan ja tsironsa sama don ya ƙara tsawo, saura kaɗan ya tumɓuke shi. Masu gajerun tsiro suka fara ɓoye gorunansu a bayan na wasu. Yara suna lura da abin da ake yi wa tafi fiye da abin da ake faɗa musu, kuma da na ce "kai, wannan ya yi tsawo!" sau ɗaya, an gama, tsawo ya zama abin nema. Don haka na kama bakina. Duk wanda ya kawo min gorarsa sai in ce, "Me ya canza daga jiya?"

Tambayar ta yi aiki a wurin wata. Ta ce duk tsirran sun karkata wajen taga, "suna leƙen waje." Mun juya gorarta ta ba taga baya, muka sa alama da alli. Charles Darwin da ɗansa Francis sun yi irin wannan gwaji da tsiron ciyawa, suka wallafa a 1880: da suka rufe kan tsiron da 'yar hula sai ya daina karkata, alamar cewa can ƙolin ne ke jin haske. Ban gaya wa yaran sunan kowa ba, na dai ce akwai wani tsoho da ɗansa da suka taɓa sa wa tsiro hula. Yanzu suna so mu ma mu ɗinka.

Da rana mun yi murnar cikar wani shekara biyar. Mun ajiye fitila a tsakiyar da'ira a matsayin rana, ya ɗauki ƙwallon taswirar duniya ya zaga ta sau biyar, muna ƙirgawa, a kowane zagaye ana faɗin abu ɗaya da ya koya a shekarar: zama, tafiya, magana, gudu, zuwa makaranta. Makarantun Montessori ne suka yaɗa wannan tsari. Ina son sa domin ba ya buƙatar iyaye su kawo komai, don haka bikin kowa iri ɗaya ne.

Juma'a, 26 ga Afrilu

Tsiron da muka juya ya sake waiwayo taga. Ihu har ajin maƙwabta suka leƙo.

Safiyar yau a waje muka yi ta. Sun zama wake: su dunƙule, su miƙa ƙafa ɗaya ta zama saiwa, su taso da kai a sunkuye, su buɗe hannuwa, su bi ni duk inda na kai kwalin rana. Hukumar Lafiya ta Duniya a jagorarta ta 2019 ta ce 'yan shekara uku zuwa huɗu suna buƙatar aƙalla minti 180 na motsa jiki a yini, da barcin awa 10 zuwa 13. Duk ranar da na rage musu wasan waje don in cika wani aikin takarda, kafin azahar nake biyan bashin.

Taron ƙarshen mako shi ne babban bikinmu. Ana zama a da'ira, kowa ya riƙe gorarsa ya faɗi abu ɗaya da ya gani wanda yake zaton wani bai gani ba. An samu mai cewa saiwarsa tana da gashi. An samu mai cewa ɓari biyun nan sun fara yamushewa, "guzurin yana ƙarewa." Mai funfuna ta nuna sabuwar ƙwayarta da ta fara tsagewa. Kowa tafi uku, daidai wa daida. Mai tsiron da ya fi tsawo ya ce, "Nawa ya fi na kowa." Na ce, "Haka ne. Me kuma ka gani?" Ya yi shiru, ya juya gorar, can ya ce ganyensa biyu ne kuma suna fuskantar juna. Ya samu tafinsa uku.

Litinin, 29 ga Afrilu

Ranar buɗe kabad. Kafin a buɗe mun kaɗa ƙuri'a da murafun gorunan da muka tsinta: wanda ke ganin bai tsiro ba ya sa nasa a kwano ɗaya, wanda ke ganin ya tsiro a ɗayan. Kwanon "bai tsiro ba" ya cika, ɗayan 'yan ƙalilan. Mun ƙirga su tare, kuma na lura wasu da suka dumbuzo hannu a makon jiya yau sun tsaya a lambar ƙarshe sun ce ita ce.

Da na fito da gorar sai aka yi cirko-cirko. Ya tsiro, kuma ya fi duk na bakin taga tsawo, har da na gwarzon ajin. Amma fari ne sol, siriri, kansa har yanzu a lanƙwashe, ganyensa ƙanana rawaya ba su buɗe ba, kuma da na cire hannuna sai ya kwanta a gefen gorar. Irin wake ba ya buƙatar haske kafin ya tsiro, ruwa da iska da ɗumi sun ishe shi. Idan ya fito bai tarar da haske ba, sai ya zuba duk abincin da ke cikin ƙwayar wajen tsawaita kara yana neman inda hasken yake, ba ya faɗaɗa ganye, ba ya yin sinadarin da ke ba ganye launin kore.

Muhawara ta kaure a kan wanne ne "na ɗaya." Wasu suka ce na kabad, tunda awo ya nuna. Wasu suka ce ai ba shi da lafiya. Gwarzon ajin ya ajiye nasa kusa da shi ya ce, "Malama, nawa gajere ne amma yana tsaye da kansa." Ban raba gardamar ba. Na ce kowa ya zana biyun a shafi ɗaya, kuma yau ne karon farko da aka yi rububin fensir kore da rawaya maimakon ja.

Mun ɗaure farin tsiron a jikin tsinke mun ajiye shi a taga. An rubuta hasashe a allo: zai mutu, zai zama kore, zai ci gaba da zama fari. Ranar Laraba za mu duba. Auduga kuma ta kusa gaza musu, saiwoyi sun cika gindin goruna, ɓarin wasu ya fara faɗuwa, don haka cikin makon nan za a mayar da su ƙasa: kowa zai dasa ɗaya a fegin aji, ya tafi gida da ɗaya. Ina buƙatar iyaye biyu ko uku da za su taimaka ranar Alhamis da safe wajen haƙa da kafa sanduna. Harafin mako mai zuwa G ne, saboda ganye, kuma har yanzu ba mu ɗinka hulunan ba.